Kafin a raba dabinon ɗaurin aure



Waɗanda suka saurari shirinmu na kiwon lafiya ranar Laraba da dare sun ji kiran da ya shigo daf da rufewa. Wata baiwar Allah ce daga ɗaya daga cikin garuruwanmu, ba ta faɗi suna ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ƴaƴa uku ta binne, maza biyu da mace ɗaya, babu wanda ya kai shekara biyar. Duk hanya ɗaya suka bi: wajen wata shida ko bakwai hannu da ƙafa su kumbura, yaro ya kwana yana tsala ihu, ido ya yi rawaya, a ƙara jini, a dawo gida, a sake komawa. Uwar miji ta ce wabi take yi. Maigidan ya ƙara aure, amarya ta haifi biyu, ga su nan suna ta guje-guje a tsakar gida. Tambayarta guda ce, wai mu gaya mata tsakani da Allah ko cikinta ne ba shi da kyau.

Minti uku suka rage mana. Majo da muka gayyato ya yi iya ƙoƙarinsa, amma wannan ba amsar minti uku ba ce, kuma tun daren nan abin yake cin mu. Shi ya sa muka zauna muka rubuta.

Yaya, in kina karantawa ko wani yana karanta miki: ba cikinki ba ne. Alamomin da kika lissafa sun yi kama ƙwarai da emasi, wanda likitoci ke kira derepanositoz, ƴan Najeriya kuma su ce sikila ko amosanin jini. Gwaji ne kaɗai zai tabbatar. Amma in shi ne, ki sani babu yaron da ke samun wannan ciwo daga uwa ita kaɗai. Sai uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi.

Mu mutanen Kawar bai kamata wannan ya ba mu wahalar ganewa ba. Wa ya taɓa ganin macen dabino ta yi ƴaƴan kirki ba a hau an sa mata furen namiji ba? Haka jinin ɗan Adam yake. Sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, wanda ake kira emogolobin, kowa yana gadon irinsa guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Lafiyayyen iri ana ce masa A, mai matsalar ana ce masa S. Mai AA babu komai a jininsa. Mai AS yana ɗauke da irin amma lafiyarsa lau, zai iya tuƙa Hilux daga nan har Madama, ya tsufa ya mutu bai taɓa sanin yana da shi ba. Mai SS shi ne majinyacin.

To in AS ya auri AS, kowane ciki ƙuri'a ce mai fuska huɗu: ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, har da waɗanda suka yi lakwal. Sai ka ji mutum ya ce ai mun riga mun samu mai ciwon, saura ukun da za su biyo lafiyayyu ne. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ake jefawa, na baya bai san da na gaba ba. Wani gidan a haifi shida babu SS ko ɗaya, wani gidan uku a jere, kamar yadda ya faru da wannan baiwar Allah.

Ƴaƴan amarya kuma fa? Ai su ne hujjar da ake kafawa a ce laifin uwargida ne. Lissafin bai da wuya. In amarya AA ce, ko ƴaƴa goma ta haifa wa maigidan babu SS a ciki, amma kusan rabinsu za su ɗauko S ɗin babansu su tafi da shi gidajen aurensu. Da uwargidan ce ta auri namiji AA, ita ma da nata suna nan suna guje-guje. Ke nan lafiyar ƴaƴan amarya ba ta wanke maigida ba ko kaɗan.

Abin da ke ba mu haushi da kanmu shi ne, mun san wannan tun muna lise. Malamin SVT ya zana mana tebur mai gida huɗu a allo, muka haddace da Faransanci, muka rubuta a jarrabawa, aka ba mu maki. Ko sau ɗaya ba mu koma gida mun zaunar da inna mun fassara mata ba. Ilimin ya tsaya cikin kaye, a gida kuwa ana ta raɗa wa yara Ajuji da Ayashe, ana neman mayyar da ta kama kurwa. Mu da muka yi karatun muna da namu kason na laifi.

Me ke faruwa a jikin mai SS? Ƙwayar jini ta lafiya zagayayya ce mai laushi, tana lanƙwasawa ta wuce ta ƙananan jijiyoyi, tana yin kwana 120 kafin ta mutu. Ta mai SS, da zarar iska ta yi ƙaranci ko ruwan jiki ya ragu, sai ta ƙandare ta koma kamar lauje, ta toshe hanya. Inda jini bai kai ba, nan ciwo ke tashi, ƙashi, ƙirji, ciki. Kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jininsu a ƙasa yake, ido rawaya. Saifa tana lalacewa tun suna ƙanana, sai ƙwayar cutar da wani yaro zai sha ya tashi ta kwantar da su cikin yini ɗaya. Wani ma yana ɗan shekara shida ɓarin jikinsa ya shanye kamar tsoho.

Yanzu ku duba abubuwan da ke tayar da ciwon: ƙishirwa, sanyi, zazzaɓi, gajiya mai tsanani. Kai ka ce Kawar aka kwatanta. A watan Mayu zafi ya busar da mutum yana zaune a inuwa. A Disamba da Janairu sanyin asuba ya shiga har ɓargo, ga wankan ruwan sanyi da ake yi wa yara kafin a tafi makarantar allo. In kuma abin ya fi ƙarfin likitar gari aka ce a tafi Agadas, sama da kilomita 600 ne na Tenere, a kan kaya, cikin iska, ruwa ana auna shi da murfin bido. Tafiyar neman maganin ita kanta tana iya ƙarasa yaro. Babbar cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo, CNRD, wadda aka gina da tallafin ƙasar Monako, tana Yamai, wato bayan ka iso Agadas akwai sauran sama da kilomita 900 a gabanka. Mutumin Yamai mai ɗa SS yana shan wahala, ba mu musa ba. Amma tasa da tamu ba ɗaya ba ce, shi ya sa mu ya fi kamata mu damu da sanin jininmu tun kafin a kai ga haihuwa.

Kuma ba abu ne na gida ɗaya ko biyu ba. Adadin da hukumomin lafiya na Nijar suka saba ambatawa shi ne kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irin. Ka ƙirga sahun gaba na masallacinku. Dalilin yawansa a ƙasashenmu shi ne mai AS yana da ɗan kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, don haka tun zamanin kakanni su suka fi tsira suka hayayyafa. Ba tsinuwa ba ce, ba kuma abin wata ƙabila ɗaya ba ne.

Tun da muka fara wannan magana a rediyo, amsar da muka fi ji daga samari ita ce: ai ni na san jinina, O pozitif ne. Ɗan uwa, wannan wani abu ne daban. O da A da B da AB rukunin jini ne, wanda ake dubawa in za a ƙara maka jini. Ba shi da alaƙa da AA ko AS. Har mun ga wanda ya nuna mana kati an rubuta A+, yana murna wai shi AA ne. Kana iya zama O pozitif kuma AS. Sannan ko gwajin emasin ma iri-iri ne. Wanda aka fi sani a ƙananan labo, gwajin Emmel, yana nuna akwai S ne kawai, ba ya bambanta AS da SS. Ba ya kuma ganin wani iri da ake kira C, wanda ke da yawa a yammacin Afirka, musamman wajen Burkina Faso da arewacin Gana, akwai shi a Nijar ma. Mai AC in ya auri AS suna iya haifar SC, shi ma ciwo ne, ko da yake sau da yawa ya fi SS sauƙi. Gwajin da ke fayyace komai shi ne elektoroforez. Wanda zai je Agadas ko Damagaram ya riƙe wannan suna, ya tambaye shi da bakinsa. Sau ɗaya ake yi a rayuwa, ba ya canzawa.

Sai batun auren zumunci, tuwona maina. Mun san inda muke taɓawa. Ba auren zumunci ne ke ƙirƙiro S ba, bare da bare ma in duka AS ne lissafin ɗaya ne. Amma in kaka yana da shi, jikokinsa biyu sun fi baƙi biyu yiwuwar haɗuwa a kansa. A nan maƙwabtanmu Tubawa suna da abin da za a duba: a al'adarsu ba a auren ɗan uwa na kusa, sai an ƙirga kakanni an tabbatar an yi nisa. Ba don emasi suka kafa wannan ba, suna da dalilansu na dangi da zumunta, amma ko ba komai ya nuna cewa tambayar asali kafin aure ba baƙon abu ba ne a Kawar. Mu ba mu ce a bar auren gida ba. Mun ce gidan da aka taɓa binne yara da irin waɗannan alamomi, a gwada kafin a haɗa ƴaƴan wa da ƙani. Haka kuma tun da zinariyar Jado ta ɓullo a 2014, ga hanyar Libiya, Dirku ta cika da mutanen da ba mu san gidajensu ba, suna aure a nan, muna ba su ƴaƴa. Da can tsofaffi su ne labo, sun san gidan da ake yawan rasa yara. Yanzu wa zai gaya maka tarihin gidan mutumin da ya zo daga Tawa ko Abeshe shekara biyu da suka wuce?

A jihar Kano, a watan Mayu na 2024, gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na irin jini, da sida, da ciwon hanta. Wasu masu saurare sun ce mu ma a yi mana haka. Ra'ayinmu shi ne kada a fara da doka. In ka wajabta takarda a wurin da samun gwajin sai an ci kwana biyu a mota, ba gwaji ka wajabta ba, kasuwar takardun ƙarya ka buɗe. A fara kawo gwajin. Yanzu akwai na gaggawa da ake yi da ɗigon jinin yatsa, kamar TDR na palu da kowace uwa ta sani, ba ya son wutar lantarki, cikin ƴan mintoci ya nuna A da S da C. Abin da muke roƙon magadan gari na Dirku, Bilma, Fashi da Jado, da hukumar lafiya ta jihar Agadas, da ƴan kasuwarmu masu gina masallatai, Allah ya saka musu, shi ne a ajiye wannan a kowane CSI na Kawar.

Lokacin yinsa ma abin dubawa ne. Gwajin da aka yi saura mako ɗaya biki, an kai kaya, an sayi raƙumi ko rago, dangi sun taso daga Sabha, wallahi ba gwaji ba ne, tashin hankali ne. Mutum nawa ne za su iya fasawa a wannan gaɓar? A yi wa jariri tun a maternite a rubuta a karnensa. A yi wa ƴan kolej tun soyayya ba ta kama ba. Saurayin da ya san shi AS ne tun yana ɗan shekara goma sha biyar, tambayar za ta zo masa da sauƙi tun ranar farko, kafin zuciya ta yi nisa.

Akwai masu cewa wannan shiga hurumin Allah ne, lafiya da ciwo duk nasa ne. Haka ne, babu mai ja. Amma wanne direba ne a tashar nan yake shiga Tenere bai duba taya da mai da ruwa ba, ya ce ya dogara ga Allah? Malamanmu sun sha gaya mana tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Wannan ba ta dame mu sosai ba, don limaman da muka zanta da su ba su ƙi ba.

Wadda ta dame mu ita ce wadda wata malamar makaranta ta kawo, kuma tana da gaskiya. Dirku ƙaramin gari ne. Yau aka gwada yarinya aka ce AS, gobe labari ya kai bakin rijiya, jibi an ce mai emasi ce, ta rasa manemi, alhali yayanta namiji mai AS ɗin babu mai tambayarsa. In haka za a yi, gwajin zai zama wata sabuwar sanda ta dukan mata, iyaye kuma za su ɓoye, mu koma gidan jiya. Ba mu da maganin wannan gaba ɗaya. Abin da muka sani shi ne sakamako sirrin mai shi ne, ma'aikacin da ya fitar da shi ya ci amana. Kuma sai an yi ta maimaitawa, a rediyo, a huɗuba, a wurin suna, cewa AS ba majinyaci ba ne, AS da AA su yi aurensu babu fargabar SS. Maza su fara. Mai wannan rubutu AS ne, a Damagaram muka sani, muna da shekara ashirin da shida, bayan an riga an yi mana baiko. Allah ya sa ita AA ce. Ba dabararmu ba ce.

In kuma AS biyu suka sani suka ce sun ji sun gani, ba mu da ikon hana su, kuma ba ma goyon bayan a tilasta. Amma su shiga da ido buɗe, su gwada kowane jariri da wuri.

Domin yaron SS da aka gano da wuri ba kamar wanda aka gano a kan gadon mutuwa ba ne. Akwai masu SS da suka yi digiri, suka yi aure, suka haihu. Abubuwan ba masu tsada ba ne duka: ruwa a kai a kai ko bai ce yana jin ƙishi ba, sutura mai kauri da ruwan ɗumi lokacin sanyi, gidan sauro, cika alluran rigakafi, asid folik, da penisilin da likita ke rubuta wa ƙanana kullum har wajen shekara biyar. Zazzaɓi a jikin mai SS ba a kwana da shi a gida, ko da tsakar dare ne. Akwai kuma magani mai suna idoroksiyure da ke rage yawan tashin ciwon, amma sai da likita da bin jini. Abin da muke roƙo a bari: sakiya da tsaga a inda ke ciwo, don jinin da bai ishe shi ba ake ƙara zubarwa; tiramol na kasuwa; da sayen maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe barkatai, don ba ƙarfe ne ya yi masa kaɗan ba.

Emasi ba shi kaɗai ake gado ba, ko da yake shi ya fi ci mana rai. Akwai wani da ba a cika sani ba, ƙarancin G6PD, wanda galibi uwa ke ba ɗanta namiji. Mutum lafiyarsa ƙalau har ranar da ya sha wani magani, irin su pirimakin ko wasu dangin sulfa, ko ya ci waken ful irin na gwangwani da ake ci a Libiya, sai jininsa ya farfashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar shayin farko. Jariri mai shi, ƙwallon kafur da ake sawa cikin akwatin tufafi, ko lalle da aka shafa masa a jiki, suna iya jawo masa haka. Gidan da jarirai maza ke yawan yin shawara a makon farko, a faɗa wa ungozoma.

Fuka, atishawa da borin jini su ma suna bin gida. Ba wai in uba ba ya shiri da gyaɗa dole ɗa ya ƙi gyaɗa ba. Halin jikin ake gada, abin da zai tayar wa kowa daban, wani ƙura, wani furen dabino, wani turaren wuta da ake rufe ɗaki da shi. Wanda wata allura ta taɓa kumbura masa fuska ko ta toshe masa numfashi, ya sa a rubuta sunanta a takarda ya ajiye tare da katin ɗan ƙasa, musamman ku direbobi. Tansiyo da ciwon suga kuwa kowa ya san gidajensu. In sun kama mahaifi ko mahaifiya, kada a jira shekara hamsin kafin a fara awo, kuma a dubi sukarin da ke shiga barradu sau uku a yini. Wannan sai wani shirin.

Baiwar Allah ta sake kiran mu bayan an rufe shiri, a wayar gidan rediyo. Ashe akwai wadda ta rage mata, ƴar shekara uku, ba ta taɓa kumburi ba, amma duk dare sai ta tashi ta taɓa hannuwanta ta ji. Mun gaya mata a gwada yarinyar, a gwada ita, a gwada maigidan da ƴaƴan amarya. Ta ce ita da ƴar ba matsala, tana da ƴan awakin da za ta sayar ta yi kuɗin mota. Maigidan ne ba ta san ta inda za ta fara masa maganar ba.

Laraba mai zuwa da ƙarfe 8 na dare majo zai dawo, tare da ɗaya daga cikin limamanmu. Rabin farko na shirin maza kaɗai za mu ɗauka a waya.